Takalmin da Ruwa Ya Tarar a Ƙofar Ɗakin Allura

Ruwan la'asar ya ɗauke ke nan, wata Talata a tsakiyar damina, Baba Modu mai gadin sito ya hango wata mata tana tafe a layin 'yan shinkafa na Kasuwar Singa, ba takalmi, ba hijabi, ɗankwalinta ya zame har ƙeya. Filasta na manne a bayan hannunta, jini na ɗan tsattsafowa ta gefe. 'Yan dako suka tsaya da buhuna a ka suna kallo, irin kallon nan namu na mutanen Kano, kowa na jiran wani ya fara.

Modu ne ya fara. Ya zare mayafin da ke kafaɗarsa ya miƙa mata yana kallon ƙasa. Filastar nan ya san ta, don sau shida ana manna masa irinta.

"Sannu, Malama. Daga wajen Likita Augustine kike?"

Ta ɗaga kai. Idanunta na kansa, amma ba shi take gani ba.

"An cire mini hijabi," ta ce a hankali. "Aka yi ta yi mini raɗa a kunne. Ga hannu a jikina, na kasa ture shi. Ko mafarki ne? Baba, don Allah gaya mini, mafarki na yi?"

Ya zaunar da ita wajen wata mai tuwo, aka samo lambar yayanta a bakinta da ƙyar, aka kira shi. Sunanta Ummakulsum, malamar firamare ce, shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta.

*

Asibitin Likita Augustine tsohon gida ne a Fagge da aka gyara. Can ake kai masu ciwon damuwa waɗanda ƙwayoyi suka gaza a kansu. Ana yi musu ƙarin ruwa da wani magani mai suna ketamin, wanda 'yan unguwa suka laƙaba wa allurar mafarki. Kusan minti arba'in mutum na kwance, jiki ya mutu murus, hankali ya tafi yawo, in ya dawo a zauna da shi a warware abin da ya gano. Dokar ɗakin ɗaya ce, tana rubuce a bango: ma'aikata biyu a ciki daga farko har ƙarshe, kuma ba a barin mace da namiji shi kaɗai.

Modu Babarbare ne. Kafin rikici ya kore su daga Borno, sana'arsa bin sawun shanun da aka sace. Ya zo Kano ya bar ɗansa na fari a wani rami da bai san inda yake ba, ya yi shekara uku barci na gudunsa. A ɗakin nan aka dawo masa da barcinsa, kuma duk zaman da ya yi, nas ɗin asibitin, Sista Adaugo, na gefen gadon. Ita ce ta tara masa roba da amai ya zo, ita ce ta zauna da shi ranar da ya yi kuka da furfurarsa kamar an yaye shi, ba ta kuma taɓa ɗaga maganar ba. Kullum in ya farka da asuba ya tarar ya yi barci, sai ya sa ta a addu'a, bai taɓa tsayawa tunanin cocin da take zuwa ba.

Ya bi sawun Ummakulsum baya-baya. Ƙafa ba takalmi a cikin lakar Singa ba ta da wuyar bi, ga yatsu a warwatse irin na wanda ƙasa ke juya masa. Sawun ya ratsa titi, ya shiga lungu, ya kai shi ƙofar bayan asibitin da ke buɗe. Daga gaba yana jiyo hayaniya, tsakar gidan kuwa ba kowa.

Ɗakin allura na kallon tsakar gida, ƙasar wajen rairayi ce. Ruwan ya yi mata zanzana ko'ina, ban da wuri huɗu a bakin ƙofa. Biyu na ƙarƙashin takalmin Ummakulsum, wanda ke nan cike da ruwa inda ta tuɓe shi. Biyun kuma na gefe, shafaffu sumul, an ɗauke abin da ya rufe su bayan ruwa ya tsaya. Siffar takalmin namiji ce, dunduniyar hagu da wani ɗan lotso mai kama da jinjirin wata.

Modu ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Ya ɗauko daron wanki a gindin famfo ya kife a kan wajen, ya ɗora bulo biyu.

*

A ƙofar gaba labari ya riga ya yi ƙafafu. Malam Salmanu, mai zama da marasa lafiya yana warware musu abin da suka gani, na tsaye a kan dakali cikin farar shadda. Ɗan gidan malamai ne, ya yi karatun halayyar ɗan Adam, muryarsa kuwa in yana magana sai ka ji kamar ana shafa maka mai. Saboda shi iyalai da yawa suka yarda suka kawo 'ya'yansu mata.

"Ni dai ban ga komai ba, kar a ɗora mini," yake cewa. "Da aka kira la'asar na tafi masallaci, ruwa ya tsare ni a can. Na bar ta da Sista. Abin da ya faru bayana, Allah ne masani. Sai dai a yi hankali, maganin nan yana sa mutum gane-gane."

Bai ce komai ba, amma ya gama faɗin komai. Kafin a kira magariba, Fagge ta ɗauka cewa nas Inyamura ta tuɓe wa Musulma hijabi tana tofa mata addu'ar coci a kunne. Wanda ya san Kano ya san inda irin wannan magana ke ƙarewa. Samari suka fara taruwa a bakin lungu, wasu da ba su taɓa jin sunan Ummakulsum ba sun fi kowa ɗaci.

Yayanta Alhaji Usaid ya iso yana huci. Mai Unguwa ya riƙe hannunsa.

"Alhaji, ka ba ni zuwa la'asar ɗin gobe."

"Zuwa la'asar, ranka ya daɗe. Daga nan in na saki bakina, ba ruwana da abin da yaran nan za su yi."

Likita ya riga ya fitar da Adaugo ta wata ƙofar. Modu ya matsa kusa da Mai Unguwa ya roƙi abu ɗaya: a kulle tsakar gida, kar a taɓa daron nan. Mai Unguwa ya dube shi kamar shi ma allurar ce ba ta sake shi ba, amma ya sa aka kulle.

*

Washegari da hantsi Modu ya sami Adaugo a ɗakinta na haya a Sabon Gari, jaka a buɗe a kan gado. A unguwar aka haife ta, Hausarta ta fi tasa tsabta nesa ba kusa ba.

"Baba Modu, ina zan je? Ƙauyenmu sau uku na taɓa zuwa a rayuwata."

"Ajiye jakar, Sista. Ina kike lokacin ruwa?"

"Injin awon jini ya mutu. Malam Salmanu ya ce in ruga in sayo batir, minti biyar, zai tsaya a bakin ƙofa daga waje. Ina fita ruwa ya kece, na laɓe a rumfar wani mai kemis nan bakin Sabon Gari. Da na dawo na tarar da gado ba kowa." Ta rufe fuska da hannu biyu. "Na san dokar, Baba. Ni na rubuta ta a bangon da hannuna. Na fita na bar ta."

Modu bai ce mata ba laifinta ba ne, don laifinta ne, kuma ba ƙarya ya zo yi mata ba. Ya ce, "Wannan ki riƙe shi, naki ne. Wanda ba naki ba shi nake nema."

Ya je wajen mai kemis. Mutumin na jin kalmar Fagge ya kama goge kantar da ba ta da datti.

"Baba, mutum nawa suka laɓe a nan jiya? Ni kaya nake sayarwa, ba fuska nake ƙirgawa ba. Ina da iyali."

Modu bai ji haushinsa ba. Ya taɓa ganin irin wannan tsoron a fuskar mutanen kirki.

*

Maza biyu ne ke aiki a asibitin, kuma Modu ya fi jin tsoron ya zama Likita, don shi ke riƙe da makullin maganin. Ya same shi a ofis, ido ya faɗa, bai ko aske gemu ba.

"Likita, ka yi haƙuri da rashin kunyar tsoho. Ina kake lokacin ruwa?"

"Na sa mata ruwan, na bar ta da Sista da Salmanu, na dawo nan na kwanta a kujera. Kwana na yi a tiyata a wani asibitin. Ba wanda ya gan ni, in shi kake tambaya."

"Ara mini takalminka."

Likita ya tuɓe ya miƙa ba musu. Modu ya gwada da tsinken tsintsiyar da ya auna shaidar da shi jiya. Takalmin ya fi tsinken da yatsa uku, dunduniya kuma lafiya lau. Ya sauke numfashi har Likita ya ji.

"Alhamdu lillahi. Ƙafarka kamar ta raƙumi, Likita, yau ta yi maka rana."

Likita bai yi dariya ba. "Sau biyu wata mata ta ce mini Salmanu na kiran ta a waya ba lokacin aiki ba, yana ce mata shi kaɗai ya fahimce ta. Na ce kulawa ce. Ban so in bincika ba, Baba Modu, don in ya tafi rabin masu zuwa sun tafi."

*

Ummakulsum na zaune a falon yayanta, an lulluɓe ta kamar mai zazzaɓi. Modu ya zauna daga bakin ƙofa.

"Kowa na gaya mini abin da ya same ni," ta ce. "Yaya ya ce Sista ce. Malam Salmanu ya aiko cewa maganin ne. Ni kuwa marigayi na gani, maigidana, yana tsaye cikin wani haske. Sai hannun ya zo. In shi ne, to na haukace. In ba kowa, na haukace kuma na jawo wa baiwar Allah bala'i."

"Malama, ni ma an yi mini allurar nan, sau shida. Duk shidan na ga ɗana. Ya yi mini magana, ya yi dariya, har warin shanu na ji a rigarsa. Na miƙa hannu, na roƙe shi ya taɓa ni ko da yatsa ɗaya." Ya girgiza kai. "Bai taɓa ba. Wanda ake gani a can ba ya taɓa mutum. In kin ji hannu, hannun mai rai ne."

Ta zuba masa ido, yau kam shi take gani.

"Hannun na da nauyi," ta ce. "Sista ta riƙe hannuna sau uku a baya. Nata ba haka yake ba."

"Ki zo asibiti da la'asar, in za ki iya."

*

Ladanin masallacin lungun ya ce ai Malam Salmanu kullum yana sahun gaba. Da Modu ya ce jiya fa, sai ya sosa ƙeya ya ce kullum dai yana zuwa. Shaidar sabo ke nan, ba ta kama ɓarawo, ba ta kuma wanke shi. Modu ya duba inda ake ajiye takalma, kanta ce ta katako a ƙarƙashin rumfar kwano, ko feshi ba ya kai mata.

Tun jiya a kan dakali ya lura Salmanu farar shadda ya sa da silifas ɗin alwala na roba, abin da ɗan gayu irinsa ba ya yi ko da wasa. Don haka ya zagaya wajen masu gyaran takalmi. A na uku, wani tsoho a bakin titin Singa, ya hango takalmi sau-ciki na fata mai ruwan ƙasa an jingine shi a rana, an cusa masa takarda.

"Na Malamin asibiti ne," in ji tsohon. "Da sassafe ya kawo a leda. Ka ga ikon Allah, ƙasansa tas ba laka, cikinsa kuwa kamar rijiya."

Modu ya juya na hagu. Ɗan ƙarfen da ake bugawa don kar dunduniya ta cinye na nan, lanƙwasasshe. Ya ce wa tsohon ya rufe akwatinsa, Mai Unguwa na neman sa tare da takalmin.

*

Bayan sallar la'asar aka buɗe tsakar gida. Mai Unguwa na kan kujera, Alhaji Usaid na tsaye ya ƙi zama, Likita da Adaugo a gefe ɗaya, Salmanu a ɗaya gefen da carbi. Ummakulsum ta zauna a bakin famfo. Daga waje ana jiyo samari, sun fi na jiya yawa.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, ƙasa kawai na iya karantawa," in ji Modu. "Wa ke shiga ɗakin nan da takalmi?"

"Ba kowa," in ji Likita. "Akwai darduma, marasa lafiya na salla a kai."

Modu ya sauke bulo, ya ɗaga daron. Shaidar na nan yadda ya bar ta.

"Duk inda ruwa ya taɓa, ga zanzana. Nan da nan bai taɓa ba, don akwai takalmi a kai tun daga ɗigon farko har na ƙarshe. Ga na Malama. Ga na mutum na biyu. Na Sista babu, don tana cikin nata a Sabon Gari. Mai wannan takalmin yana cikin ɗaki duk tsawon ruwan."

Tsoho mai gyaran takalmi ya zaro sau-cikin daga leda. Carbin Salmanu ya tsaya.

"Nawa ne, ban musa ba," ya ce, muryar nan tana nan da santsinta. "A ƙofar masallaci ya jiƙe."

"Kantar masallacinku na ƙarƙashin rumfa, Malam. Kuma wanda ya taka lungun nan zuwa masallaci ya dawo, ƙasan takalminsa ba ya fita tas." Modu ya miƙa wa Usaid takalmin. "Alhaji, kai ne mai fushi. Sa da hannunka."

Usaid ya tsuguna da babbar rigarsa. Ya ɗora na dama, ya zauna daram. Ya ɗora na hagu, ɗan ƙarfen ya faɗa cikin lotsonsa kamar don shi aka haƙa. Ya daɗe a tsugune bai ɗago ba.

Abin da ya tsaya wa Modu a rai har yau shi ne wannan: mutum ya aiki nas don ya keɓe da matar da ba ta iya ɗaga yatsa, ya ci amanar da ta fi kowace nauyi, amma tarbiyyar gidansu ba ta bar shi ya taka darduma da takalmi ba.

"Ba ku fahimci aikin ba ne," Salmanu ya fara, yanzu da sauri. "Wani lokaci mara lafiya na buƙatar a riƙe shi, a kusance shi, yana cikin hanyar warkarwa. Ita kanta ba ta san abin da—"

"Na sani."

Ummakulsum ce. Ta miƙe tsaye.

"Na sani tun jiya, kuka ce mini ban sani ba. Ashe ban haukace ba. Alhamdu lillahi. Baba Modu, Allah ya biya ka, ya jiƙan ɗanka."

Modu ya ce amin, ya juya yana gyara zaman daron da ba ya buƙatar gyara.

Usaid ya yi kan Salmanu, Mai Unguwa ya shiga tsakani, ya ce 'yan sanda na hanya, kuma ba za a miƙa kowa ga 'yan lungu ba, ko wannan. Likita ya ce shi da kansa zai kai rahoto ga hukumar da ke ba su lasisi, har da nasa sakacin, in sun rufe asibitin sun rufe.

Adaugo ta zo gaban Ummakulsum ta durƙusa.

"Malama, ban taɓa ki ba, amma na bar ki. Ki yafe mini. Na ajiye aikin daga yau."

"Na yafe barin da kika yi mini jiya. Na yau ne ba zan yafe ba." Ummakulsum ta kamo hannunta ta ɗaga ta. "Saura zama uku a maganina. Ko a nan, ko a wani wajen, ba zan sake rufe ido ba sai kina gefena. Wa kike so in yarda da shi yanzu, baƙo?"

Adaugo ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Likita ya nuna musu ƙofar baya, ya ce ta nan ya fi, kafin Mai Unguwa ya yi wa mutane bayani. Ummakulsum ta ce a'a. Ta gyara hijabinta, ta riƙe hannun Adaugo gam, ta nufi zaure. Usaid ya wuce gabansu ya zare sakata da kansa.

Lungun ya cika maƙil, wasu da sanduna. Suna ganin Adaugo aka yunƙuro, suna ganin wadda ke riƙe da ita aka tsaya cak. Modu na daga baya yana kallo, zuciyarsa cike da godiyar da bai san inda zai ajiye ta ba.

"Ku ba mu hanya," in ji Ummakulsum, da muryar da take tsawatar wa 'yan aji uku. "Nas ɗina ce. Gida zan raka ta."

Aka dare musu.